Inci Ɗaya da Rabi

Litinin, 7 ga Oktoba, da rana

Laba ɗari biyu da talatin da bakwai. Nas ɗin da ta auna ni har da tafi. "Ka yi ƙoƙari, Saje Pettway! Laba ashirin da ɗaya a wata biyar!" Ni ma na washe baki kamar kurtun da aka yaba wa gugar takalmi. Sai da na shiga ofishin Misis Harjo, wadda ke haɗa wa mutum takardunsa ta tura wa inshorar soja, na ga ita ba ta cikin masu tafin.

Ta juyo min da kwamfutarta. Akwai wata lamba da suke fitarwa idan sun haɗa nauyin mutum da tsawonsa. Mai ciwon suga da ɗaukewar numfashi a barci irina, sai lambarsa ta kai talatin da biyar kafin su yarda su biya kuɗin tiyatar rage tumbi. Da na fara a watan Mayu ina talatin da bakwai. Yau ina talatin da huɗu.

"To ai ku kuka ce in rage," na ce.

"Mun ce ka nuna ka gwada na wata shida a gaban likita," in ji ta. "Ba mu zaci za ka ɗauke shi kamar yaƙi ba."

To kamar me zan ɗauke shi? An ba ni umarni, na bi. Shekara ashirin da biyu ina bayan igwa, ban san wata hanyar yin abu ba.

Awon ƙarshe ran sha biyu ga Nuwamba, kuma abin da aka samu ranar shi za a tura. Ta ce ba ta san hannun wanda fayil ɗina zai faɗa ba. Wani yana duba lambar farko, wani ta ƙarshe kaɗai yake gani. Na tambaye ta ko in mayar da laba bakwai, lambar ta koma talatin da biyar, in huta. Ta ce ba ta ji wannan tambayar ba, kuma idan aka ga nauyi ya tashi a watan ƙarshe, cewa za a yi ban bi tsari ba. Gaba kura, baya sayaki ke nan.

Matata Oksun ce ta tuƙo mu gida. Da muka wuce ƙofar barikin da asibitin yake ciki sai ta dube ni. "Yobo," ta ce, don haka take kirana tun muna Koriya, "kai kaɗai ne a garin Lawton za ka faɗi jarrabawa don ka ci ta da yawa."

Talata, 8 ga Oktoba, da safe

Na tashi na tarar da takunkumin na'urar numfashi a ƙasa, yau ma. Ban san lokacin da nake fizge shi ba. Likita ya canza min kala uku, duk ɗaya. Shi ya sa ya ce tiyata, tunda kitsen wuyana ne ke shaƙe ni, kuma duk ramar nan da na yi ba ta taɓa wuyan ba. Kuɗin tiyatar kuwa, in ba inshora ba, fanshona ko kusa.

Kaina kamar an cika shi da yashi. Motata tana nan bayan gida inda aka jawo ta aka ajiye.

Alhamis, 10 ga Oktoba, da hantsi

Ortega ya zo ya ɗauke ni zuwa karin kumallon da muke yi duk Alhamis, tunda ni yanzu kaya ne, sai an ɗauka an sauke. Tare muka yi Koriya da shi, tare muka yi ritaya. Na ba shi labari, na kuwa yi da na sani. Ya yi dariya har kofi ya sarƙe shi.

"Saje! Kai da na naɗe wa ciki da leda a ɗakin tururi ana jibi awo? Kai da kake kumbura wuya kamar talo-talo don tef ya ƙaru? Yau kai ne ba ka cika ƙato ba?"

Gaskiyarsa. A soja idan ka haura nauyi, tef ake zagaya maka a wuya da ciki. Wuya ya yi kauri, ciki ya lafe, ka tsira. Sau biyu a shekara nakan yi mako ina shan ruwan miya, in tsaya gaban mai awo na haɗiye cikina har ina ganin taurari. Ban taɓa faɗuwa ba ko sau ɗaya.

"Abu mai sauƙi," in ji Ortega. "Ka cika aljihu da sulalla."

"Da rigar asibiti ake awo, mai buɗaɗɗen bayan nan."

"To ka haɗiye su mana. Ko ka kwankwaɗi ruwa galan guda a mota kafin ka shiga."

"Da wace mafitsarar? Kofi biyu ba na riƙewa."

"Kai dai ka tsufa da wahalar da mutane. Ci, ɗan'uwa, ci! Wannan ne kaɗai yaƙin da aka haife ka dominsa."

Ya tura min farantinsa na soyayyen dankali, na tura masa abinsa. Da muka fito ya ce yaushe zan kai motar a buga mata gaba, ya san wani mai araha. Na ce masa iska ta fara sanyi bana da wuri.

Asabar, 12 ga Oktoba

Asabar. Agwagin tafki sai su nemi wani mai burodin.

Lahadi, 13 ga Oktoba, da yamma

'Yarmu Lenora ta kira uwarta. Ina falo ina jin muryar jikarmu Junie can nesa a wayar tana cewa a ba ta Kaka. An ba ta ni, ta gaya min haƙorinta na gaba yana girgiɗi, sai uwar ta ce lokacin wanka ya yi.

Ba na ganin laifin Lenora. Sau ɗaya ta faɗa min, a barandar asibiti a watan Afrilu, ba ta kuma maimaitawa ba. "Baba, sai ranar da likita ya ce kana barci kamar mutane, sannan zan sake barin ta a wurinka." Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi min sauƙi.

Wannan ne dalilin tiyatar. Sauran, su suga da gwiwa da hawan jini, na likita ne.

Talata, 15 ga Oktoba, da rana

Ina ta tunanin abin da mai karanta fayil zai ce: ga mutum ya zubar da laba ashirin da ɗaya da kansa, me zai yi da wuƙa? In ni ne shi, abin da zan ce ke nan. Sai dai ni na san wannan teɓar, mun daɗe tare. Takan tafi in an matsa mata, ta yi wata uku a waje, ta dawo da danginta. Ban san ta yadda ake rubuta wannan a fayil ba.

Na yi gyangyaɗi da cokali a hannu. Oksun ta zare shi ba ta tashe ni ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba, da yamma

Na ce wa Ortega ya bi da ni ta wurin masu soyayyar kaza. Bai yi dariya ba wannan karon, ya dai saya ya miƙo min bokitin, ya kunna rediyo yana kallon titi. Na ci tsoka shida da biskit da lemon kwalba mai zaƙi. Wata biyar ina mafarkin wannan kazar. Ko daɗinta ban ji ba, aiki kawai nake yi.

Juma'a, 18 ga Oktoba, da safe

Sugan ya tashi, idona na ganin abu biyu-biyu. Oksun ta duba na'urar gwajin, ta duba ni, ta sunkuyo ta shinshini rigata.

"Kaza."

Ta ajiye na'urar a kan tebur.

"Wata biyar ina auna maka shinkafa da kofin shayi, ina cin irin abin da kake ci don kada ranka ya biya, ni da ko laba ɗari ban cika ba. Shi ne za ka je ka kashe kanka don a yi maka magani? In mutuwa kake so ka gaya min, in daina wahalar yanka kabeji!"

Na ce laba bakwai ne kawai. Ta ce in je in faɗa wa Junie haka a bakin kabarina. Da ta ga fuskata sai ta tsaya a nan. Ta ɗauki jakarta ta tafi shago.

Asabar, 19 ga Oktoba

Ba ta min magana. Shinkafa rabin kofi, kifi, ganye.

Talata, 22 ga Oktoba, da rana

Ta ce in biyo ta shago, wai ba ta yarda ta bar ni da firji ba. A wurinta wannan sulhu ne. Shekara talatin tana nan kusa da ƙofar bariki da kekenta, tana ɗinka wa sojoji suna a ƙirji da igiya a hannu, tana rage wando tana ƙara wando. Rabin sajojin garin nan ta san ƙugunsu fiye da matansu.

Wani kyaftin ya gane hula mai tambarin igwa da ke kaina, ya tsaya muna hirar yadda bariki ya canza. Ina tsakiyar ba shi amsa, sai na ji Oksun tana cewa, "Yana jin ka, ranka ya daɗe, idonsa ne kawai yake hutawa." Na buɗe ido, mutumin har ya karɓi kayansa.

Kunya ta ishe ni. Tsoro ya fi ta yawa.

Asabar, 26 ga Oktoba, da yamma

Lenora ta zo, ita kaɗai. Ta kawo wa uwarta tuffa, ta zauna a bakin kujera da makullin mota a hannu. Ni kuwa ina tsaye, ban san me ya hana ni zama a gidana ba.

"Baba, makarantar su Junie za su yi bikin tsofaffin sojoji ran takwas ga wata. Kowane yaro zai zo da nasa. Ta ce kai take so, kuma da kaki."

"Ke fa, kina so?"

"Ita ta ce." Ta juya makullin. "Mama ce za ta kawo ka, ita za ta mayar da kai."

"Na sani."

"Ya maganar tiyatar?"

Na ce ana nan ana haɗa takardu. Oksun ta kalle ni ta kan tabarau, ba ta tona ni ba. Da Lenora za ta fita ta taɓa min hannu, taɓawar da ake yi wa maras lafiyar da ba a saba da shi ba.

Laraba, 30 ga Oktoba, da yamma

Mun fito da kakin bikin daga jakarsa. Rigar ba a ma maganarta, tsakanin maɓalli da ƙofarsa sai ka ajiye faranti. Wandon Oksun ta ce za ta iya farke bayansa ta sa ƙyalle. Ta ɗaure min shi a ƙugu da allurai, ta durƙusa tana duba ƙafa. Na leƙa ta gefen tumbi, na ga ƙafar wandon ta rufe takalmin tana jan ƙasa.

"Cikin ne ya tura shi ƙasa," na ce.

"A ƙugunka yake. Ni na ɗaure shi."

"To ya saki a ajiye."

Ta cire allura daga bakinta. "Yobo, yadi ba ya tsawo a cikin jaka."

Ta zauna a kan dugaduganta ta gaya min. Shekara shida ke nan tana rage ƙafar duk wandon da na saya kafin in sa shi. Da farko rabin inci, daga baya inci guda, bara ta ƙara. Takan ce za ta wanke shi tukuna, ta tafi da shi shago. Tsofaffin ma ta bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"In faɗa wa wa? Mutumin da ko mai sayar da taya ya tambaye shi sai ya ce ƙafa biyar da inci goma?" Sai ta ɗago kai, allurar na hannunta. "Tsaya. A asibitin nan, nawa suka rubuta?"

Ƙafa biyar da inci goma suka rubuta. A watan Mayu nas ta ce in jingina da ma'aunin tsawo, ni kuwa da na ga sandar awo sai jikina ya ƙame da kansa, dugadugai haɗe, ƙirji waje, haɓa ciki, ƙashin baya a miƙe har yana ƙara. Kafin ta sauko da sandar na faɗa mata lambar da ke katina na soja tun ina ɗan shekara sha tara. Ta ce kusan haka ne, ta rubuta.

Oksun ta ɗauko wayarta tana latsawa. Ta ce idan na gajarta da inci ɗaya da rabi, lambar ta haura talatin da biyar ko ban ƙara ko loma ba. Tana ta murna. Na ce ta cire min allurai ina so in kwanta.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Ban je karin kumallo ba. Tela ce, ba likita ba.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, da hantsi

Na yarda da ƙiba. Na yarda kunnen hagu ya tafi tare da igwa. Na yarda da gwiwa, da suga, da makullin mota da ke cikin jakar matata. Duk waɗannan abubuwa ne da suka same ni. Amma tsawona ni ne. Da shi aka ɗauke ni, da shi aka sallame ni, kuma shi kaɗai ne a katin nan da bai canza ba.

Na san wauta ce. An buɗe min ƙofa ina tsaye ina kukan ta yi min gajarta.

Asabar, 2 ga Nuwamba, da rana

Ta tsayar da ni a jikin ƙofar kicin, ba takalmi, ta ɗora littafin waƙoƙin coci a kaina, ta ja layi da allin ɗinki. Ƙafa biyar da inci tara da rabi. Da wannan lambar ba ta kai ba.

"Ka ƙame," in ji ta. "Saki jikinka."

"Na saki."

"Wannan ne sakin? Ko janar ne ya shigo ba za ka fi haka ba. Tsaya yadda kake tsayawa in kana jiran ruwan kofi ya tafasa."

Na gwada. Da zarar littafin ya taɓa gashina sai bayana ya miƙe, ba da izinina ba. Ta ce in yi tari, na yi. Ta ce in tuna kujerata ta falo. Ta yi min cakulkuli, mace mai shekara sittin da ɗaya. Ƙofar kicin ta cika da layin alli, duk a wuri ɗaya.

"Shekara talatin da huɗu ina aure da sandar tuta," ta ce, ta je ta ɗora shinkafa.

Laraba, 6 ga Nuwamba, da safe

Oksun ta sa na kira Misis Harjo. Ta ce ba laifi, za a sake awon tsawo ran sha biyu, dama ya kamata a yi. Amma ta ja min kunne: ba ranƙwafawa, ba lanƙwasa gwiwa, nas tana gani, kuma ita ba za ta tura abin da ba gaskiya ba. "Ka tsaya tsayuwarka ta kullum, Saje, shi ke nan."

Tun da na ajiye wayar nake tambayar kaina wacce ce ta kullum ɗin. Wanda ke jiran kofi, ko wanda ke tashi in an kawo sandar awo? Shekara ashirin da biyu na yi ina nuna wa masu awo mutumin da ya fi ni. Yanzu an ce in kawo na gidan, na rasa inda zan kamo shi.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, da yamma

Mun je makarantar. Wandon kaki, baƙar kwat, lambobina a ƙirji. Junie ta hango ni tun daga ƙofar zaure ta sheƙo a guje, haƙorin ya fita, tana ta nuna min gurbin. Ta ja ni gaban 'yan ajinsu tana cewa, "Wannan nawa ne, yana harba babbar bindiga, shi ya sa sai an yi masa ihu."

An yi mata gezar gashi a gaba. Da ta ɗaga kai gezar ta rabu. Tabon da ke goshinta ya kusa ɓacewa, kowa haka yake cewa.

An rera taken ƙasa, na ƙame har ƙarshe, bayana kamar zai tsage. Da aka zauna ana jawabai na riƙa mintsinin cinyata don kada ido ya rufe. Lenora tana layin baya. Na san ba jawabin take kallo ba.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Gobe. Na ci abincina daidai, ban rage ba, ban ƙara ba.

Talata, 12 ga Nuwamba, da la'asar

Laba ɗari biyu da talatin da biyar. Na ƙara zubar da biyu ban sani ba.

Sai tsawo. Nas ta ce in cire safa in jingina. Oksun tana kan kujera a gefe da jakarta a cinya, Misis Harjo tana bakin ƙofa. Sandar ta fara saukowa, na ji dugadugaina sun haɗu da kansu.

"Inci tara da rabi," in ji nas. "Saje, numfashinka kake riƙewa. Ba fareti muke ba, sake shi."

Na sake, ta ɗaga sandar ta kuma saukowa. Tara da rabi. Ta ce in taka zuwa taga in dawo, in girgiza kafaɗa. Na yi. Gumi yana bin bayana ta tsagar rigar asibiti. Ta ce za ta gwada sau ɗaya kuma, abin da ya fito shi za ta rubuta, akwai mutane a layi.

Na jingina. Sai na ji muryar Oksun, ƙasa-ƙasa, ta gefen kunnen da ke ji.

"Yobo. Tsaya yadda ka tsaya a bakin ramin nan, lokacin da suke fito da ita daga motar."

Ban rubuta wannan ba tun Afrilu, yau ma ba duka zan rubuta ba. Daga tafki muke, rana tsaka, Junie tana baya tana waƙa. Abin da na sani na gaba shi ne shinge a kan gilashi da muryarta tana cewa Kaka tashi, Kaka tashi. Wasu mutane ne suka tsaya. Na tsaya a kan ciyawa da hannuwana a sake, ba wanda ya ce in yi komai, don ba abin da zan iya.

Ban ji saukar sandar ba.

"Ƙafa biyar, inci takwas da rabi," in ji nas. Ta duba gwiwoyina, ta duba dugadugaina, ta sake dubawa, ta rubuta. Misis Harjo ta ce talatin da biyar da ɗigo biyu, za ta tura yau. Ba wanda ya yi tafi.

A mota Oksun ta riƙe sitiyari ba ta tayar ba. Hawaye na zuba mata, ita da ko ranar da uwarta ta rasu sai da ta shiga banɗaki ta yi nata. "Ka yafe min," ta ce. "Na rasa abin da zan ce ne."

Na ce ta tayar mu je gida. Na ɗora hannuna a kan nata har muka fita daga harabar.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Ba na fushi da ita. Na duba ko'ina a cikina, babu.

Talata, 19 ga Nuwamba, da rana

Shiru daga inshora. Ortega ya ce yanzu inci biyu kacal na fi shi, in ya sa takalmin coci mun yi kunnen doki. Na ce ya jira sai ya fara ganin saman firji tukuna.

Abin mamaki, bayan nawa ya rage ciwo kwana biyun nan.

Talata, 26 ga Nuwamba, da hantsi

Misis Harjo ta kira. Sun amince. Tiyata a watan Janairu, bayan ita wasu watanni, sannan a sake gwajin barci. Ta ce kada in ɗauka an gama, yanzu za a fara. Na ce na gode, ranki ya daɗe, har sau uku.

Oksun ta ce ni zan kira Lenora da kaina. Na kira, ba ta ɗauka ba, na bar saƙo. Na gaya mata har da wahalar da aka sha da lambar, wadda na ɓoye mata.

Laraba, 27 ga Nuwamba, da yamma

Ta zo daga wurin aiki, ko rigar aikin ba ta cire ba. Ni na buɗe ƙofa. Ba ta wuce ciki wurin uwarta ba kamar yadda ta saba, ta tsaya nan a gabana.

"Na ji saƙonka, Baba. Sau biyu na saurara."

Na ce to.

"Ba wai na janye maganata ba ne. Sai an yi gwajin barcin." Ta ja numfashi. "Amma ran Asabar ina aiki, Mama kuma ta ce ba za ta buɗe shago ba. Zan kawo Junie ta wuni. A gida. Mama tana nan."

"A gida," na ce. "Mama tana nan."

Na gaji, ban da ƙarfin tattara kaina, na tsaya kawai da hannu a jikin ƙofa. Sai na ga idonta daidai da nawa, ba sama ba, ba ƙasa ba.

"Ke, yaushe kika kamo ni?"

Ta yi 'yar dariya, ta share hanci da bayan hannu. "Tun kafin in haifi Junie. Kai ne in ana maka magana kake kallon saman kan mutum, kamar mai jiran a sallame shi."

Na dube ta da kyau. Furfura ta fara fito mata a gaban goshi, ta gefen hagu. Ban san tun yaushe ba, kuma na ji tsoron tambaya ko tun Afrilu ne.